Tambaya da Amsa: Bishiyar Kirsimeti Tsafi Ce?

TAMBAYA

 Ni Bahaushiya ce Kirista daga wani ƙauye a gefen Malumfashi. 'Yata da ke karatu a Zariya ta dawo hutu da wata bishiya ta roba a cikin kwali, da ƙananan fitilu masu walƙiya, ta ce bishiyar Kirsimeti ce za ta kafa mana a falo. Surukina na ganinta sai ransa ya ɓaci. Ya ce shi da idonsa ya ga mahaifinsa yana yanka baƙar kaza a gindin tsamiya, kuma sun baro wannan hanya tun yana saurayi, don haka ba mai shigo masa da itacen bauta cikin gida, ko da na roba ne. Yarinya na ta kuka, tsoho ya ƙi cin tuwo, ni kuma ina tsaka mai wuya. Don Allah ina asalin wannan bishiya? Tsafi ce? In ba mu kafa ta ba, bikinmu ya ragu?

Saratu, Malumfashi

AMSA

Malama Saratu, Allah ya sanyaya zukatan mutanen gidanku. Tambayoyin da kika rubuto uku ne: inda bishiyar ta samo asali, ko tana da alaƙa da tsafi, da ko rashinta na rage wa biki wani abu. Amma na lura abin da ya hana ki barci shi ne na huɗu, wanda ba ki rubuta ba, wato yadda za ki yi da Baba da jikarsa ba tare da kin ɓata wa ɗayansu ba.

Ki kwantar da hankalinki tukuna. Babu mai laifi a cikinsu. Yarinya ta ga abin ado a birni, ta tara ɗan kuɗin da take da shi ta sayo don gidansu ya yi kyau, wannan kuwa alamar 'yar kirki ce. Shi kuma Baba ya san abin da ya baro, ya san wahalar da aka sha kafin a baro shi. Mutumin da ya taɓa ganin jini a gindin itace ba za a ce masa ya cika tsoro ba don ya ga an kawo itace ɗaki ana rataya masa kaya. Kuma ba gidanku kaɗai ba ne. Duk Disamba ana irin wannan muhawara a gidaje da dama daga Kafur zuwa Funtuwa, har ma a ƙasashen da al'adar ta fito.

Mafarin zancen sanyi ne. A arewacin Turai, watan Disamba lokaci ne na duhu. A Jamus hasken rana ba ya wuce awa takwas ko kusa da haka a ranakun 21 da 22 ga wata, alhali mu nan bambancin rana mafi tsawo da mafi gajarta bai kai awa biyu ba. Dusar ƙanƙara ta rufe gonaki, itatuwa sun kaɗe ganye sun tsaya tsirara, ba tsuntsu, ba ciyawa. Sai wasu 'yan itatuwa masu ganye siri-siri kamar allura, irin waɗanda wanda ya je Jos ya ga danginsu, su kaɗai ke zama kore shar duk shekara.

Ke 'yar manoma ce, kin san gawo. Da damina, lokacin da kowane itace ke taƙama da ganye, shi a bushe yake. Da hunturu ya shigo, kuka ta zubar da nata, karan dawa ya bushe, ƙasa ta yi fari fat, sai ka hango shi can tsakiyar gona ya yi lif, awaki na kiwo a inuwarsa. Irin daɗin da ido ke ji in ya faɗa kan gawo a watan Janairu, shi mutanen can ke ji in sun ga waɗannan itatuwa, sai dai nasu ya ninka don sanyinsu kisa yake yi. Saboda haka tun da daɗewa sukan saro rassan su shigar da su ɗaki, don a riƙa ganin ɗanyen abu kafin bazararsu ta dawo.

Yanzu ga inda Baba yake da gaskiya, kuma ba zan ɓoye miki ba. Tun kafin Kiristanci ya isa Turai, mutanen can na ado da ɗanyen ganye a bukukuwansu. Rumawa na da bikin wani gunkinsu mai suna Saturn da ke farawa 17 ga Disamba, kuma a farkon Janairu sukan ƙawata ƙofofi da ganye da fitilu. Wani babban malamin Kirista ɗan Afirka, Tertullian, mutumin birnin Kartaj da ke ƙasar Tunisiya ta yau, ya yi rubutu wajen shekara ta 200 yana tsawata wa Kiristocin da ke kwaikwayon wannan ado a ƙofofinsu. Kin ga Baba na da magabaci a wannan damuwa tun shekara 1,800 da suka wuce.

To amma ado da reshe a ƙofa daban, bishiyar Kirsimeti daban. Tsakanin waɗancan bukukuwa na Rumawa da ranar da aka fara rubuta labarin bishiya a tsaye cikin ɗaki da kayan ado a jikinta, akwai fiye da shekara 1,000. Masu cewa kai tsaye daga bautar gumaka ta gangaro suna tsallake wannan rata ne ba tare da gada ba. Magana ce mai daɗin faɗa a dandali, amma takardun tarihi ba su bi bayanta ba.

Akwai ma wani labari da nake so ki ba Baba, don zai ji shi a jikinsa. Wajen shekara ta 723 wani mai wa'azi daga Ingila, Boniface, ya isa wani wuri da ake kira Geismar a ƙasar Jamus, ya tarar da mutane na girmama wani ƙaton itace na allansu na tsawa. Ya ɗauki gatari a gaban jama'a ya sare shi. Aka zuba ido a ga aradu ta faɗo masa, ba abin da ya faru, aka yi amfani da katakon aka gina ɗan ɗakin sujada. Daga baya masu ƙawata labari suka ƙara da cewa ya nuna musu wani ƙaramin itace mai kore ya ce su riƙe shi a madadin wancan. Wannan ƙarin babu shi a tarihin rayuwarsa na farko da aka rubuta jim kaɗan bayan rasuwarsa. Abin da ya tabbata shi ne kakannin Jamusawa ma sun yi zamanin tsafin itace, sun kuma baro shi ɗaruruwan shekaru kafin jikokinsu su fito da bishiyar ado.

Inda masana suka fi karkata shi ne cocin kanta. A zamanin da yawancin mutanen Turai ba su iya karatu ba, ana koya musu labaran Littafi Mai Tsarki ta hanyar wasan kwaikwayo, irin wanda yaran makarantar Lahadi ke yi a majami'arku. Ranar 24 ga Disamba ita ce ranar tunawa da Adamu da Hawwa'u a kalandarsu, sai a yi wasan gonar Adnin. Wasa kuwa na buƙatar itace a tsakiyar fage, kuma a wannan wata ba mai ganye sai irin waɗancan masu ganye kamar allura. Sai a saro ɗaya a rataya masa jajayen 'ya'yan tuffa, ya zama itacen da aka hana ci. A hankali mutane suka ɗauke wannan itace daga fagen wasa zuwa zaurukan ƙungiyoyin masu sana'a, daga nan zuwa gidaje.

Shaidu mafi ƙarfi na rubuce suna yankin Alsas, wanda yau yake cikin Faransa amma a lokacin Jamusanci ake yi. A littafin kuɗi na garin Selestat na shekarar 1521 an rubuta cewa an biya masu gadin daji sule huɗu don su tsare itatuwa daga 21 ga Disamba. Ke nan tun a lokacin masu sara sun yi yawa har sai da aka sa gadi. A 1605 kuma wani ya rubuta yadda mutanen birnin Strasbourg ke kafa irin wannan itace a falo, suna rataya masa furannin takarda masu launi, da tuffa, da siraran waina, da ƙyalƙyali, da alewa. Biranen Riga da Tallinn na can gabar tekun Baltik su ma kowanne na cewa shi ya fara, ɗaya na kafa hujja da 1510, ɗaya da 1441, masana kuwa na jayayya a kan duka biyun. Ko ma wane ne ya riga, shekarun al'adar ba su wuce 500 zuwa 600 ba, addinin kuwa ya kusan kai 2,000.

Malaman coci na can ma ba su yi mata maraba nan take ba. A shekarun 1640 wani mashahurin mai wa'azi na Strasbourg, Johann Dannhauer, ya kira ta wasan yara da ke shagaltar da mutane daga Maganar Allah, ya kuma ce bai san inda aka samo ta ba. Za ki iya jin ana cewa Martin Luther ne ya fara sa mata kyandir bayan ya ga taurari ta tsakanin rassa wani dare. Labari ne mai daɗi, sai dai babu shi a rubuce-rubucensa. Wani zane da aka yi a ƙarni na 19, kusan shekara 300 bayan rasuwarsa, shi ya dasa shi a zukatan mutane.

Abin da ya fitar da ita duniya kuwa sarauta ce da jarida. Sarauniya Charlotte, Bajamushiya matar Sarkin Ingila George na Uku, ta kafa wa yara ɗaya a Windsor a 1800. Sai a 1848 jaridar Illustrated London News ta buga zanen Sarauniya Biktoriya da mijinta Yarima Albert, shi ma Bajamushe, da 'ya'yansu sun kewaye bishiya a kan tebur. Kin san halin mutane, abin da aka gani a gidan sarki shi kowa ke so a ɗakinsa. Bayan shekara biyu wata mujallar mata ta Amurka ta sake buga zanen, ta goge kambin sarauniya da gashin bakin mijinta don su yi kama da iyalin Amurkawa. A 1882 wani abokin aikin Thomas Edison mai suna Edward Johnson ya naɗa wa tasa ƙwayayen lantarki 80 a birnin New York, masu ja da fari da shuɗi. Fitilun da ke cikin kwalin 'yarki jikokin waɗannan ne.

Abubuwa biyu za su nuna miki cewa al'ada ce da ke tafiya da ƙafarta. Katolika sun daɗe suna kallonta a matsayin kayan 'yan Furotesta, su sun fi son siffar komin dabbobi da jariri a ciki, har ba a kafa ta a dandalin Batikan ba sai 1982, zamanin Fafaroma John Paul na Biyu. Gwamnatin kwaminis ta Tarayyar Sobiyet, wadda ba ta yarda da addini ba sam, ta hana ta a ƙarshen shekarun 1920, sannan a 1935 ta dawo da ita da sunan bishiyar sabuwar shekara, ana kafa mata jan tauraro a ka. Har gobe a Rasha ta sabuwar shekara ce. Ita kuwa ta robar da ke falonku, mai yiwuwa daga ƙasar Sin ta fito, don garin Yiwu, wanda 'yan kasuwarmu masu zuwa saro kaya suka sani, shi ke cika duniya da kayan adon Kirsimeti, kuma yawancin masu ƙera su ba sa ma yin bikin.

A ƙasarmu bishiyar baƙuwa ce ta kwana-kwanan nan. Dokta Walter Miller, ɗan mishan, ya zauna Zariya tun 1905, mishan ɗinsu ya koma Wusasa a 1929, aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Abin da su Baba suka karɓa daga wannan zamani Littafi ne da waƙoƙi da makaranta da magani. Bikin da suka saba kuwa kin fi ni saninsa: ɗinkin sabon kaya, anko na Zumuntar Mata, waƙa da kiɗan tulu, shinkafa da nama, yara na yawon gaisuwa, kwanuka na fita zuwa gidajen maƙwabta Musulmi yadda nasu ke shigowa ranar Sallah. Bishiya ta fi shigowa ne ta talabijin da bankuna da otal-otal da manyan kantuna. Shi ya sa jika ta ɗauke ta abin da kowa ke yi, kaka kuma bai taɓa ganinta a majami'ar da ya girma ba.

Wataƙila wani ya karanta wa Baba littafin Irmiya sura 10, don ita ake yawan kawowa. A can annabin na bayanin wanda ya sare itace a jeji, gwani ya sassaƙa shi, aka dalaye shi da azurfa da zinariya, aka kafe shi da ƙusa kada ya faɗi. In an karanta surar har ƙasa za a ga gunki ake nufi, wanda ba ya magana, ba ya tafiya sai an ɗauke shi, mutane kuma na jin tsoronsa. Irmiya ya rayu wajen shekara 600 kafin haihuwar Almasihu, fiye da shekara 2,000 kafin mutanen Alsas su rataya tuffa ta farko.

Ma'aunin da ya fi kowane kuwa yana hannun Baba, don ya fi mu duka sanin tsafi. Me ya mai da waccan tsamiya wurin tsafi, alhali ga wasu tsamiyoyi birjik ana kaɗo 'ya'yansu ana kunu? An yarda akwai iska a cikinta. Ana zuba mata jini, ana roƙonta haihuwa ko damina mai albarka, ana tsoron abin da zai biyo baya in shekara ta zagayo ba a ba ta nata ba, kuma yaro ba ya kusantarta da gatari. A auna ta roba da wannan. Ba mai roƙonta, ba mai yanka mata ko ɗan tsako, ba mai tsoron fushinta. Biki na wucewa za a naɗe ta a mayar kwali a ɗora kan kwaba sai baɗi. A Turai masu kafa ta gaske jefar da ita suke yi a farkon Janairu, a gidan namun daji na Berlin ma waɗanda suka yi kwantai giwaye ake ba su cinye. Wa ya taɓa miƙa wa giwa abin bautarsa?

Don haka amsata a kan tambaya ta biyu: ba tsafi ba ce, ado ce. Ina so 'yan'uwa Musulmi masu karanta wannan fili su ma su ji wannan, don in sun gan ta a banki ko a gidan maƙwabci kada su ɗauka bauta mata ake yi.

A kan ta uku kuma, rashinta ba ya rage komai. Babu ita a Linjila, babu wata ikilisiya da ta wajabta ta, ko ECWA ce ko Katolika ko Angilika ko Baptist. Habasha ta karɓi Kiristanci tun ƙarni na 4, zamanin Sarki Ezana, ƙarnuka kafin Boniface ya ɗaga gatarinsa. Suna bikinsu ranar 7 ga Janairu da fararen kaya da kwana a coci, dubbai na tattaki zuwa Lalibela, kuma bishiya ba ta cikin gadonsu. Ba wanda ya isa ya ce nasu bai cika ba.

Saura abin yi. Shawarata ita ce bana maganar Baba za a bi. Gidansa ne, kuma abin da ke damunsa ya fi ado nauyi. Manzo Bulus ya yi irin wannan hukunci a wasiƙarsa ta farko ga Korintiyawa, sura 8, a kan naman da aka yanka wa gumaka. Ya yarda gunki ba komai ba ne, amma ya ce wanda ya saba da gumaka a da zuciyarsa na iya raunana, don haka mai sani ya haƙura da abin da ya halatta gare shi saboda ɗan'uwansa. Wannan sura kamar don gidanku aka rubuta ta.

Kada ki je wa Baba da wannan tarihi kamar mai kai ƙara. Ki fara da maigidanki, shi ɗansa ne, ya san lokacin da ake samun kansa. Sannan ki sa yarinya ta je ta durƙusa ta ba shi haƙuri, ko da tana ganin ba ta yi laifi ba, ta kuma roƙe shi ya ba ta labarin tsamiyar nan tun daga farko: wa ke yankan, me ake faɗa, yaya aka yi suka bari, me dangi suka yi musu. Na tabbata ba ta taɓa jin labarin duka ba, kuma tsofaffin da suka gani da ido ƙarewa suke yi. Bayan ta saurare shi, in ya sake, sai ita ma ta ba shi labarin Boniface da na wasan Adamu da Hawwa'u. In kuna da fasto ko fada ko katikis da Baba ke jin maganarsa, a gayyato shi ya sha ruwa a yi hirar a gabansa.

Ita ma yarinya kada a bar ta da hasara. A tambayi shugabannin majami'a ko za su karɓi bishiyar a ɗakin yaran makarantar Lahadi. Fitilun kuwa ba na jin Baba zai ƙi a zagaya su a ƙofar zaure. In tana son ado na gida, ga kaka ta shigo: damin dawa, zangarniyar masara ja da fara, da auduga sabuwar tsinka. Abin dariya ma, masu kafa bishiyar a birane auduga suke yayyafa mata don ta yi kama da dusar ƙanƙarar da ba su taɓa gani ba, ku kuwa a gonarku take tsirowa. In kuma ɗanyen ganye take so, ta sayo dashen mangwaro ko gwaiba a leda ta yi masa kwalliya, ta riƙa ba shi ruwa, in damina ta sauka kakanta ya nuna mata inda za ta dasa.

Wanda duk zai kafa tasa, ya kula da wuta. Hunturu ne, komai a bushe yake, roba da auduga kuwa ba sa jira. Kada a kusantar da kyandir ko fitilar kananzir ko kaskon jin ɗumi. Ƙananan fitilun nan masu araha wayarsu siririya ce, in aka kawo lantarki da ƙarfi tana iya narkewa, don haka a zare su daga soket kafin a kwanta ko a tafi sujada. Kuma kada a sayar da buhun masara ko a ci bashi saboda ado, ga kuɗin makaranta na jira a Janairu.

In Baba ya ji duk wannan ya ce har yanzu ransa bai kwanta ba, a bar maganar, kada a sake tayar da ita bana. Ki gaishe min da shi da kyau, ki ce ina roƙonsa ya ci tuwonsa. Ki kuma rubuto bayan biki ki faɗa mana yadda kuka ƙare.